Ɗigon Baƙin Mai: Tarihin Ɗaure Inji a Ƙasar Kazaure da Babura

Da wuya a sami rigima tsakanin mai mota da bakanike da ta kai ta injin da aka sauke, aka sa masa sabon ringi da metal, aka ɗaure, aka biya kuɗi masu tsoka, sannan kafin mako ya zagayo a wayi gari da ɗigon baƙin mai a inda motar ta kwana. Mai mota ya ce an cuce shi, bakanike ya ce kayan da aka sayo ne ba su da kyau, mai shagon kayan gyara a Kano ya ce iya kuɗinka iya shagalinka. A Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, inda motar haya guda ke ciyar da gidan mai ita da na direba da na yaron mota, wannan ɗigo ba abin wasa ba ne. Hukuncin da aka saba yankewa shi ne kanikawan yanzu ba su iya aiki ba, ko kuma amana ta yi musu ƙaranci. A ganina an yi gaggawar yanke wannan hukunci. Sana'ar ta girma ne a kan injunan da ke yafe kuskuren hannu, a zamanin da kayan gyara ke zuwa a aune daga masana'anta. Daga baya injuna suka canza, kaya suka gurɓace, amma hanyar koyon sana'ar da akwatin kayan aikinta suka tsaya inda suke. Abin da ya faɗi a tsakani shi ne awo, kuma mafi yawan yoyon da ake gani a yau daga nan ya samo asali.

Wannan kusurwa ta arewa maso yammacin Jigawa ƙasar titi ce tun farko. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka miƙa reshensa zuwa Ƙauran Namoda a 1929, wani kuma zuwa Nguru a 1930, amma babu wanda ya biyo ta Kazaure. Gyaɗa da auduga da fatun yankin a bayan jakai da raƙuma suka riƙa tafiya, har lori ta zo ta karɓe su a kan hanyar da ta tashi daga Kano ta ratsa Ɗambatta da Kazaure da Daura ta nufi Damagaram. Bakanike kuwa a bayan lori ya shigo. Na farko-farko a Arewa sun koyi aikin a garejin kamfanonin ciniki na Kano, irin su UAC da John Holt, da ma'aikatar ayyuka ta gwamnati da ta En'e, wasu kuma a soja, musamman waɗanda suka dawo daga Bama bayan 1945 da sanin tuƙi da gyara. Da yawa daga cikin direbobi da kanikawan wancan lokaci mutanen Kudu ne mazauna Sabon Gari, kuma yaran Hausawa a hannunsu suka fara kama sifana. Da sana'ar ta zauna da gindinta a garuruwa, sai ta ɗauki tsarin da ƙira da dukanci da ɗinki suka daɗe a kai: uba ya damƙa ɗansa ga maigida, yaro ya yi shekaru yana wanke ƙarafa da fetur yana miƙa sifana, a hankali a bar shi ya kwance, daga baya a bar shi ya ɗaure, har ranar da za a yaye shi. Ilimin yana tafiya ne daga ido zuwa ido, daga kunne zuwa kunne. Babu littafi, babu lamba.

Me ya sa wannan hanya ta yi aiki shekara da shekaru ba tare da ƙorafi mai yawa ba? Amsar tana cikin injunan kansu. Bedford da Marsandi 911 da suka yi jigilar kasuwanni, da Fijo 404 da 504 da suka biyo baya, injuna ne masu kaurin ƙarfe da sauƙin gini. Kamfanin PAN ya fara haɗa Fijo a Kaduna a 1975, kuma saboda cunkoson tashar jiragen ruwa ta Legas a wancan lokaci, ta jirgin sama aka riƙa kwaso sassan motar daga Lyon ta Faransa zuwa filin jirgin Kano, sannan a wuce da su Kaduna. Wato jijiyar kayan Fijo ta ratsa ta birnin da ke da nisan kilomita 80 ko makamancin haka daga Kazaure. Injin 504 yana da wata baiwa da ta sa kanikawa suka ƙaunace shi: bututun da fistin ke kai-komo a ciki zare shi ake yi, a sa sabo. Idan inji ya gaji, a sayo kwali guda mai ɗauke da bututu da fistin da ringi waɗanda masana'anta ta riga ta daidaita su da juna, a haɗa da fakitin gasket cikakke, a ɗaure. Ƙananan gasket kuwa, idan ba a samu ba, bakanike ya shimfiɗa takardar fakin a kan ƙarfen, ya riƙa ƙwanƙwasa gefe-gefe da ƙaramar guduma har siffar ta fito da ramukan kusoshi, ya shafa giris ya manna. Ƙarfen yana da kauri, kusa ta ɗan wuce ƙa'ida ba ya lanƙwasa. A nan ne nake ganin ana kuskuren fahimtar tsofaffin kanikawa. Ana cewa su sun fi na yanzu sanin awo. Sun dai fi su sanin injin da ke gabansu, domin iri biyu ne ko uku suke gani kullum. Awon kuwa a cikin kwali yake zuwar musu. Hannunsu ya ishe su ne saboda wani ya riga ya yi musu lissafin a masana'anta.

Shekarar 1986 ce ta tsinke wannan igiya. Da gwamnatin Janar Babangida ta shigo da shirin SAP, naira da ke kafaɗa da kafaɗa da dala ta faɗi zuwa wajen huɗu a dala guda cikin ɗan lokaci, ta ci gaba da gangarawa. Sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci da ɗan kasuwa, masana'antun haɗa motoci na Kaduna da Kano da Bauchi da Legas suka shiga ja da baya, kwalin kayan ainihi ya zama sai wane da wane. Gurbin da aka bari motocin Kwatano suka cike shi, tsofaffin motocin Turai da ake saukewa a Jamhuriyar Benin, da yawansu kuma ta cikin Nijar suke zagayowa kafin su tsallako, abin da ya sa garuruwan kusa da iyaka irin Babura ba baƙi ba ne ga wannan ciniki. Tasha ta cika da Golf da J5 da Hiace da Starlet, daga baya Sharon da Corolla, ga Kanta mai ɗaukar buhuna. Maigidan da ya ƙware a kan inji uku sai ga shi da ashirin, kowanne da halinsa. A kasuwar kayan gyara ta Ƙofar Ruwa a Kano kuwa kaya suka rabu aji-aji: ga na ainihi, ga ɗan Beljiyam da aka ciro daga wata motar, ga kwaikwayo mai araha, wani lokaci a cikin kwali mai kama da na ainihi sak.

Akwai kuma wani sauyi da ba a cika lura da shi ba, alhali ina ganin ya fi sauran yi wa sana'ar illa. A shekarun da injin Beljiyam ya yi araha, duk mai hali idan injinsa ya gaji sai ya sayo wani a ɗora masa, a gama cikin yini guda. Ɗaure inji ya koma aikin wanda kuɗinsa bai kai ba, wato injin da ya fi kowane lalacewa shi ake kawowa, da kayan da suka fi kowane araha. Yaran da suka shiga gareji a wannan zamani sun ga sauke inji da ɗora wani sau ba adadi, amma ɗaurin inji na tsanaki, daga wanke bulok har tayarwa, kaɗan suka gani. Ilimin da ke tafiya ta ido, idan ido ya daina gani, raguwa yake yi ba tare da kowa ya yi niyyar zubar da shi ba.

Injin da ya zo daga baya kuwa ba ya yafiya. Kansa na alminiyam ne, zafi ɗaya mai tsanani ya isa ya karkatar da shi, kuma karkatar da ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba tana iya hana gasket zama. Ido ba ya ganin wannan, sai an ɗora miƙaƙƙen ƙarfe an zura siraran ma'aunai a ƙarƙashinsa. Murfin sama da kaskon mai na ƙasa sirara ne, kusoshinsu ƙanana masu kai lamba 10, ƙarfin ɗaurin da suke so kaɗan ne ƙwarai. Yaron da ya ga mai yana tsattsafowa, abin da hankalinsa zai ba shi shi ne ya ƙara matsewa, sai bakin kaskon ya ɓurma a daidai kowace kusa, robar ta tsage, yoyon ya ƙaru. Daga nan sai a koma ga gam. Gam yana da wurinsa, domin akwai injuna da yawa na Japan da masana'anta kanta da shi take rufe kaskon mai, amma siririn zare ake ja a kan ƙarfe busasshe tas, a bar shi ya kama kafin a zuba mai. Idan aka lafta shi, rabin da ya matso waje ana ganinsa, rabin da ya matsa ciki ba a gani. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan injin da ya buga bayan gyara ya san abin da ake tararwa idan an cire kasko: guntayen gam ja ko toka, dogaye kamar tana, sun lulluɓe ragar da famfon mai ke zuƙa ta ciki. An toshe ɗigo a waje, an hana metal mai a ciki. Sai kuma oyil sil na gaba da na bayan karanshaf. Bayan shekaru leɓen tsohon sil yakan ci wa ƙarfen wata siririyar hanya da farce ke iya ji. Idan aka dasa sabon sil a daidai wannan hanyar, ko aka buga shi a karkace da guduma, ko aka sa shi a bushe ba a shafa masa mai ba, zai zubar ko da na ainihi ne.

Amma babban abin, wanda ya haɗa injin da ƙasar da yake aiki a cikinta, shi ne ƙura. Da an sauka daga kwalta zuwa ƙauyukan Roni da Gwiwa, ko rairayin wajen Babura, ballantana a watannin hunturu, inji yana shaƙar ƙura duk yini, kuma matatar iska sau da yawa kakkaɓe ta ake yi a mayar. Ƙurar da ta wuce tana goge bangon silinda har ya tashi daga da'ira, sama ta fi ƙasa faɗi. Idan aka zo gyara aka ce a yi mata ringi kawai, ba a auna ramin ba, sabon ringi zagayayye ba zai rufe ramin da ya zama ƙwai ba. Hayaƙin ƙonewa ya riƙa sulalewa ƙasa zuwa cikin kasko, iska ta taru, idan kuma ɗan bututun numfashin injin ya toshe da dauɗa, ba ta da mafita sai ta tura mai ta kowace kafa. Nan ne mai mota zai canza sil sau biyu sau uku yana tsine wa mai kaya, alhali ciwon yana can cikin silinda. Gwajinsa ba ya cin ko sisi: a bar injin yana aiki, a buɗe murfin zuba mai, idan yana huci yana feso hayaƙi, to a bar zargin sil.

Neman inda yoyo yake ma aiki ne na haƙuri fiye da na kuɗi. Mai yana gangarowa ƙasa, iskar tafiya kuma tana kai shi baya, saboda haka inda yake ɗiga ba lalle nan ne yake fita ba. Bakanike mai natsuwa zai wanke injin, ya bar shi ya bushe, ya tayar, ya bi da tocila daga sama yana neman wuri mafi tsawo da ya jiƙe. Wani har hoda yake barbaɗawa don sawun ya fito. Sau da yawa abin da aka ɗauka sil ɗin baya ne, wanda sai an sauke giya, yakan zama murfin sama ne, ko 'yar na'urar fitilar mai, ko robar filta, ko wasar kusar juye da aka mayar da tsohuwa. To me ya sa ba a yin hakan kullum? Saboda direba yana tsaye a kan bakanike, gobe kasuwa ce, mai motar yana jiran balas.

Za a ce duk wannan neman uzuri ne, akwai kanikawan da ke karɓar kuɗin kaya na ainihi su sayo kwaikwayo. Akwai su, kuma babu tarihin da zai wanke su. Sai dai ha'inci bai isa ya bayyana yawan abin ba. A yawancin lokuta mai motar ne da kansa yake shiga Kano ya sayo kayan, daidai don gudun a cuce shi, kuma shi ne yake zaɓar sil mai araha ya rage kuɗin mota. Shi ne kuma yake cewa a bar kai bulok da karanshaf wajen masu injin gogewa a birni, tunda hakan na nufin kuɗin hanya da kwanaki babu lodi. Kuɗin aikin hannu kuwa shi ake fara yankewa a ciniki. Mai gaskiya da maha'inci, idan duka babu mai ma'auni a cikinsu, injunansu za su yi yoyo iri ɗaya, kuma wannan ne ya sa nake ɗora nauyin a kan awo kafin hali.

Wani zai ce ai ɗigo ne kawai, a riƙa ciko. Haka aka yi a zamanin 504, lokacin da galan na baƙin mai ba ya tayar wa kowa hankali. Yau lissafin ya sauya. Man da ya fita ta baya yana jiƙa kulochi har ya fara santsi. Wanda ya fita ta gaba yana cin belin da ke daidaita tafiyar injin, kuma a injuna da yawa idan wannan bel ya tsinke fistin da bawul karo suke yi. Cikon kansa sau da yawa da man kwalba na bakin titi ake yi, wanda ba a san asalinsa ba. Ga kuma ranar da direba zai manta bai duba sanda ba, a tsakiyar zafin Afrilu, mota cike da mutane da buhuna. Injin da aka kashe wa kuɗin noman shekara guda yana iya tafiya a wannan rana.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta masu cewa zamanin ɗaure inji ya wuce, a sayi na Beljiyam a huta. Shekaru ashirin da suka wuce da na yarda da rabinta. Amma a Janairun 2017 an hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, a Agustan 2019 aka rufe iyakokin har zuwa Disambar 2020, aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Naira da ke wajen 460 a dala a farashin gwamnati a Mayun 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024. Injin da ake saya da dala ya bi ta. Kuma shi kansa tsoho ne, robobinsa sun shekara ashirin ko fiye, zafin nan yana busar da su cikin watanni. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021 zai ratsa Kazaure, amma ba zai shiga ƙauyukan Gwiwa ya kwaso gero da riɗi ba. Tsofaffin motocin nan ne za su ci gaba da yi. Ko an so ko ba a so, ɗaure inji yana dawowa, kuma yana dawowa ne hannun mutanen da aka yaye a lokacin da aka yi watsi da shi.

Daga nan wasu sukan tsallaka su ce maganin shi ne makaranta ta maye gurbin gareji. Ban yarda ba. Kazaure tana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu, wadda ta fara a matsayin ta jiha bayan ƙirƙiro Jigawa a 1991 kafin gwamnatin tarayya ta karɓe ta, amma ɗalibin da ya san lambobi bai taɓa jin kukan metal da kunnensa ba ba zai riƙe gareji ba. Kunnen maigida da hannunsa dukiya ce da aka tara cikin shekaru masu yawa, kuma babu ajin da ke bayar da ita. Abin da garejin ya rasa ƙanƙane ne idan aka kwatanta da abin da yake da shi: sifana mai auna ƙarfin ɗauri, ma'aunin kaurin karanshaf da faɗin silinda, miƙaƙƙen ƙarfe da siraran ma'aunansa, da takardar lambobin kowane inji, wadda a yau wayar hannu ke iya kawowa. Kuɗinsu gaba ɗaya bai kai na inji guda ba, kuma reshen ƙungiyar kanikawa ta NATA a gari ɗaya zai iya mallakarsu a riƙa aro, kamar yadda ake aron sarƙar ɗaga inji. Koyon karanta su aikin makonni ne ga mutumin da ya riga ya san inji, kuma wannan ɗan guntun ne ya kamata kwaleji ta ɗauka, da Hausa, da yamma bayan an tashi daga aiki. Idan karanshaf ya dawo daga Kano an ce an goge shi zuwa 0.25, a sami wanda zai auna ya tabbatar kafin a sayo metal. Idan silinda ta wuce iyaka, a gaya wa mai mota da lamba a gabansa cewa ringi kaɗai ba zai yi ba, ya zaɓa da saninsa ko ya kai ta birni ko ya jira bayan kaka.